Fataucin Dashe A Ƙasar Bagudo

 

Akwai wata sana'a wadda ta kamata attajiran ƙasar Bagudo su sa dukiyarsu a ciki, malamai kuma su sa bakinsu, ita ce renon dashen itatuwa da na kayan lambu domin sayarwa. Yawancin mutane ba su ɗauke ta sana'a ba. Dalili kuwa shi ne an daɗe ana raba musu dashe kyauta, har ya zauna a zukatansu cewa abin da a ke sa wa a leda a ba shi ruwa ba haja ba ne, aikin malamin daji ne. Wannan zato ya jawo hasara mai yawa, kuma lokaci ya yi da za a warware shi.

Mai karatu ya dubi yadda arzikin wannan ƙasa ya ke tsaye. Ƙafa biyu gare shi. Ta ɗaya fadamar kogin Kwara ce da shinkafarta, ta biyu kuwa iyakar Binin ce, wadda dattawa har yanzu su ke kira Dahome, ko da ya ke an sake mata suna tun 1975. Mutanen Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje sun san ƙofofin nan kamar yadda su ka san ƙofofin gidajensu, daga Lolo a faɗa Madekali da Malanbil, daga Tsamiya a nufi Segbana. To, a watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ciniki ya tsaya cik, masu motoci da 'yan dako da dillalai su ka zauna hannu rabbana. Ba a gama jimamin wannan ba sai ga ambaliyar 2020, ta kwanta a kan gonakin shinkafar Jihar Kebbi, Bagudo kuwa tana cikin wuraren da su ka sha ta sosai. Da yawa cikin manoman nan sun faɗaɗa nomansu ne tun sa'ad da aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, saboda haka ruwan ya tafi da shinkafa ya bar su da bashi. Ƙafafu biyu su ka karye kusan a lokaci guda. Da mutane su ka rasa madafa sai su ka juya kan daji da gatari, gawayi ya zama abin sayarwa na mai neman na cefane, ana loda shi buhu-buhu a bakin hanya. Itacen da kaka ya bari, jika ya ƙone shi cikin kwana uku.

Gidan da ke da mangwaro goma masu 'ya'ya a tudu, da kashu, da ɗorawa, da zogale a bayan ɗaki, ba ya shiga irin wannan ƙunci gaba ɗaya, domin itace ba ya jiran a buɗe iyaka, ambaliyar fadama kuma ba ta hawa tudu. Amma itacen kirki ba ya samuwa sai da dashen kirki, dashen kirki kuwa sai an sami wanda ya mai da renonsa abincinsa.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne ga halin fatake. Kakannin mutanen nan su ne su ka riƙa ƙetare Kwara a wajen Illo da Gaya da ayarin jakuna, daga Sakkwato da Jega su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Goro kuwa haja ce mai rai. Sai an naɗe shi da ganye, a riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara don kada ya ɓata 'yan'uwansa, wata da watanni a kan hanya. Madugun da ya iya kai goro lafiya daga Gwanja zuwa Hausa ya riga ya san asirin renon dashe, watau duba kaya kullum safe da maraice, da rashin jin ƙyashin zubar da wanda ya kamu.

A zamanin nan samari masu karatun boko suna yawan ambaton wata kalma, famakalca, wadda ma'anarta noman dindindin. Wasu mutane biyu ne na ƙasar Ostareliya su ka ƙaga sunan, Bill Mollison da almajirinsa David Holmgren, su ka fitar da littafinsu na farko a 1978. Abin da su ka koyar a taƙaice shi ne a shirya gona yadda kowane abu a cikinta zai yi wa ɗan'uwansa hidima. Itace ya ba da inuwa da ganye, dabba ta ci ganye ta ba da taki, taki ya ciyar da ƙasa, a tare ruwan sama inda ya faɗi kada ya gudu, a rufe ƙasa da ciyawa kada rana ta gasa ta, abin da a ke bukata kullum a dasa shi kusa da ƙofa, wanda ba ya son kulawa a kai shi nesa. Tsohon manomi in ya ji wannan sai ya yi murmushi, don ya san gawo. Gawo ya kan kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya tara shanu a gindinsa, su ci 'ya'yansa su bar kashi, shi ya sa hatsin gindin gawo ya ke fin na fili. Ya san ɗorawa da kaɗanya da a ke bari a tsakiyar gona, ya san wake a ƙarƙashin dawa, ya san gamba a kan iyaka. Duk da haka bai kamata a raina sabon ilmin ba. Abin da ya ƙara shi ne tsari da lissafi tun kafin a sa fartanya, da tattara dabarun ƙasashe dabam-dabam wuri ɗaya. Abin da bai kamata ba shi ne saurayi ya haddace sunan, ya buga shi a allo a ƙofar lambu, alhali bai taɓa tambayar kakansa dalilin barin gawo ba.

Akwai darasi babba a ƙasar Maraɗi, kuma wajibi ne mai niyyar wannan sana'a ya fahimce shi, don yana iya zama masa gargaɗi. A can an yi shekaru ana renon dashe ana dasawa, yawanci yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa mai zurfi. Aka koya wa mutane su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Wannan shi a ke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba leda, ba ban ruwa. Ma'anar wannan ga mai lambun reno ita ce, kada ya ɓata ruwansa a kan abin da gona ke bayarwa kyauta. Kalgo da sabara da marke suna nan a ƙarƙashin ƙasa suna jiran a ƙyale su. Mai gaskiya zai faɗa wa manomi haka, ko da ya rage masa ciniki. Hajarsa shi ita ce abin da ba ya fitowa da kansa, watau mangwaro mai aure, da lemo, da gwaiba, da kashu mai kyawun iri, da gwanda, da itatuwan gado a wuraren da gatari da garma su ka tumɓuke su har saiwa.

Game da dashen kyauta kuwa, ba a musun alherin masu raba shi. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa a bakin hamada a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Kebbi kuwa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Darbejiyar da ke yi wa garuruwan Arewa inuwa ita ma ta wurin ma'aikatan daji ta yaɗu, bayan an shigo da ita Barno a 1928. Amma kowa ya ga yadda bikin dashe ya kan kasance a wurare da yawa. A zo da mota cike a ƙarshen damina, manya su dasa guda-guda a ɗauki hoto, a watse, kafin hunturu ya fita awaki sun gama da sauran. Ba a tambayi mai gona irin da ya ke so ba, ba a kawo a kan kari ba, kuma ba wanda ya ji zafin aljihunsa. Wanda ya ƙirga kuɗinsa ya sayi mangwaro biyar da kansa, shi ne zai sare ƙaya ya kewaye su, ya tashi yaro da asuba ya kai musu ruwa. Inda hukuma za ta fi taimakawa shi ne ta riƙa sayen dashen da za ta raba daga hannun masu reno na ƙauyuka, maimakon ta kashe musu kasuwa da kyauta.

Yanzu sai yadda a ke kafa lambun. Farkon abu wuri. Kwara tana cika sau biyu a shekara, cikar farko da ruwan daminar ƙasashen nan, wajen Agusta zuwa Oktoba, ta biyu kuwa da ɗari, sa'ad da ruwan da ya taso daga duwatsun Gini ya iso bayan doguwar tafiya. Sarkawa sun san wannan sarai. Saboda haka a nemi gefen tudu wanda ruwan 2012 da na 2020 bai taɓa ba, amma kusa da rijiya ko gulbi, kuma kusa da hanyar da masu zuwa kasuwa ke bi. Fili kamar na masallacin unguwa ya isa farawa. Kafin a cika leda ko ɗaya a yi shinge, domin akuya guda tana iya cinye aikin wata uku kafin a idar da sallar azahar. A fara da darni da ƙaya, a bi bayansu da shinge mai rai, lalle ko bini-da-zugu ko magarya, wanda shi kansa abin amfani ne. A kafa rumfa ta zana ko ta kaba mai barin rana ta ɗan ratsa, sa'an nan a dasa zogale da ayaba a inda ruwan ban dashe ke malala, don kada ɗigo ya tafi banza.

Ƙasar cika leda a kan haɗa ta kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya rairayi, kashi ɗaya taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa yana kuma kiran gara. A nan mutanen Bagudo sun fi wasu sa'a, don abin da su ke ƙonewa kowace kaka shi ne jarin mai lambu. Buntun shinkafa da ke tule a bayan injuna, da bambaron da a ke cinna wa wuta a fadama, da kainuwar da ke toshe wa masu jirgi hanya, da kashin shanun da ke kwana a bakin gulbi, in aka jera su hawa-hawa a rami aka riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku sun zama baƙar ƙasa mai sanyi. Ledar ruwan sha da ta cika kwatoci ita ma, in an yanke bakinta an huda gindinta, ta isa renon ƙananan dashe. Manyan leda sai a saya domin mangwaro da lemo, waɗanda za su daɗe.

Iri kuma kowane da halinsa. Na gawo da bagaruwa da kuka da ɗorawa da tsamiya ƙwarya gare su mai tauri, sai an ɗan kankare gefe ko an jiƙa su a ruwan zafi an bar su su kwana. Na darbejiya da na mangwaro ba su jimre ajiya, cikin 'yan makonni sun mutu, ƙwarar kaɗanya kuwa ta fi su gaggawa, daga faɗuwa sai shuka. Giginya ba ta son leda ko kaɗan, don muruci yana nutsawa ƙasa da nisa kafin ganye ya fito, sai dai a binne ƙwallon a inda a ke so ta tsaya. Mutanen Gaya, da ke maƙwabtaka, sun daɗe da sanin darajarta, gandun giginyarsu sananne ne. Yawancin itatuwa a kan shuka su a leda wajen Fabrairu ko Maris, domin su kai dasawa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna. A riƙa ɗaga ledoji lokaci-lokaci ana datse saiwar da ta huda ƙasa. Saura mako biyu ko uku a sayar, a rage ruwa a janye rumfa, don dashen da ya saba da gata ba ya jure gona.

Babbar matsalar mai farawa ita ce abin da zai ci kafin itace ya biya shi. Maganinta shi ne ya raba hajarsa kamar yadda ɗan tireda ke yi, akwai ta yau da kullum, akwai ta shekara. Ta yau da kullum ita ce dashen albasa da tumatir da tattasai da attarugu, wanda ke isa cirewa cikin mako huɗu zuwa bakwai, masu noman rani kuwa suna nemansa da zarar ruwa ya janye daga fadama. Albasa ita ce ta ɗaukaka sunan Aliero a nan Kebbi, ita ce kuma ta cika kasuwar Malanbil a ƙetare, saboda haka mai fangalin dashen albasa mai kyau ba ya rasa mai saye. Zogale da gwanda suna biye, ba su cika shekara ba sun fara ba da amfani. Sa'an nan masu aure. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo ya kan yi shekara biyar zuwa takwas kafin ya haihu, kuma ba tabbas zai yi kama da uwarsa, mai aure kuwa cikin shekara uku ko huɗu ya fara, 'ya'yansa kuma su ne na itacen da aka yanko reshen. Wannan hannu na aure shi ne ainihin sana'ar, shi ne ya raba mai reno da mai tara leda. Wuƙa mai kaifi ce da zaren leda da haƙuri, ana koyonsa cikin 'yan makonni, a ƙware cikin shekara. Har magaryar daji ana yi mata aure da wata irin magarya ta ƙasar Hindu mai 'ya'ya manya, aikin da cibiyar binciken noma ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa a Nijar. Ɗorawa da kaɗanya su ne na jikoki, kaɗanya ta kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Kada a cika lambu da su, amma kada a rasa su, gama darajar kaɗe ta kai har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensa na wata shida a Agusta 2025 domin masana'antun gida su samu, kuma da kalwa a ke yin daddawa.

Lissafi kuwa a yi shi da tsoron hasara. A ce mutum ya cika leda 1,000. Wasu ba za su tsiro ba, wasu gara za ta ci, wasu auren ba zai kama ba, wasu kuma damina za ta wuce ba a saye su ba, su zauna suna shan ruwa har baɗi. In ya sa kuɗin kowane dashe bisa zaton dubun nan duka za su fita, ya karye tun bai fara ba. Ya rubuta kome a littafi, da ajami ko da boko, ranar shuka, asalin iri, wanda ya saya da garinsu. Ya kuma fara da kaɗan. Ɗari biyar da su ka rayu sun fi dubu biyar da rijiya ta kasa shayarwa a watan Afrilu.

A nan ne maganar ta iso ga malamai. Duk hajar da ke kasuwa aibinta yana bayyana da wuri. Atamfa in ta zuba, wanki ɗaya ya tona ta, goro a fasa a gani. Dashe kaɗai ne a ke saye yau, ba a san gaskiyar mai sayarwa ba sai bayan shekara huɗu. Mutum ya ba da kuɗi a kan an ce masa mai aure ne, ya ware masa gefen gona, ya yi ta ɗaukar ruwa rani huɗu, ranar da itacen ya haihu sai ga ɗan ƙanƙanen mangwaro mai zare. Kuɗin dashen ba kome ba ne a kan shekarun da aka sace masa, kuma ba alƙalin da zai iya mayar masa da su. Algus a wannan sana'a ya fi algus a mudu muni, ya kamata a riƙa faɗar haka a wurin karatu da kan mumbari. Alamar mai reno na gari ita ce yana da iyayen itatuwa a lambunsa, waɗanda ya ke yankan reshe daga gare su, mai saye ya gan su da idonsa, in lokacinsu ne ya ɗanɗana. Ya nuna tabon aure a jikin kowane dashe. In bai san asalin wani iri ba ya ce bai sani ba, ya rage kuɗi. Wanda ya yi haka shekara biyar, itatuwansa da ke gonakin mutane su za su riƙa yi masa talla.

Fiƙihun Malikiyya bai bar wannan fage ba ƙa'ida. Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ƙasar nan ke ƙarƙashin masarautar zuriyarsa, ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke mallakar mataccen fili, mai suna Ta'alimur Radi, dasa itace kuwa da fitar da ruwa suna cikin abubuwan da malaman mazhaba su ka lissafa a kan raya ƙasa. Masu tarihi suna danganta wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ƙarfafa noman rake da rumman da ban ruwa da jigo. Hadisi ingantacce kuma ya zo a Buhari da Muslim da ma'anar cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba su ka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi. Saboda haka malamin da ya ɗaura gyauto ya shiga lambu bai zubar da girmansa ba.

Abin da a ke bukata ga malamai ya wuce wa'azi, shi ne su tsara wa mutane ƙulla ciniki. Attajiri da saurayi mai hannu su kan ce sun yi ƙiradi, alhali Muhtasar ya hana mai dukiya ya shar'anta wa mai juya ta aikin hannunsa ko shuka. Ƙiradi ya dace da wanda zai sari dashe ya kai kasuwanni, amma wanda zai zauna ya rena sai a nema masa wata ƙofa, ko ijara da lada sananne, ko tarayya. Akwai kuma salam, watau manomi ko attajiri ya biya tun da rani a kan dashe kaza, iri kaza, tsawo kaza, a karɓa a wata kaza, da sharaɗin abin ya zama a wuyan mai sayarwa, ba a ce lalle sai na wannan fangali ba. Wannan yana ba mai reno jari a lokacin da ya fi bukata, yana kuma sanar da shi abin da zai shuka. Sai mugarasa, wadda Malikiyya su ka halatta, mutane kuwa sun manta da ita. Mai fili ya ba mai dashe fili ya dasa itatuwa masu daɗewa, ya yi ta kulawa har su kai haihuwa, sa'an nan su raba ƙasar da itatuwan bisa rabon da su ka ambata tun farko. Ga dattawa da filayen tudu da ba su iya nomawa, ga samari da ƙarfi ba fili. Sai dai a rubuta a gaban hakimi da shaidu, a kuma sanar da magada, gama rigimar itace ta kan tashi ne ranar da ya fara 'ya'ya.

Makarantun allo su ma suna da rabo a ciki. Almajiri babba da ya koyi aure da haɗa taki ya sami abin da zai riƙe kansa da shi duk garin da ya sauka, kuma aikin na safe da la'asar ne, ba ya hana karatu. Amma a biya shi haƙƙinsa. Kada a mai da yaran mutane 'yan ɗiban ruwa na banza da sunan koyon sana'a. Matan aure kuma, waɗanda su ne masu kaɗe da kalwa tun asali, su su ka fi kowa sanin wace kaɗanya ce mai mai, wace ɗorawa ce mai cika, a wurinsu ya kamata a nemi iri, a saya da kuɗi.

Game da ƙetare iyaka da dashe, kasuwa tana nan, don ƙasar Bargu ɗaya ce kafin Ingila da Faransa su raba ta a 1898, Nikki ta faɗa wancan gefe, Busa da Illo wannan, kuma mutanen arewacin Binin sun riga na nan nisa a noman kashu, akwai abin koya a wurinsu. Mai karɓar sefa kuma ya san amfaninta tun da naira ta faɗi a 2023. Amma dashe ba buhun masara ba ne, yana tafe da ƙasarsa da cututtukansa. Wani farin ƙwaro mai manne wa ganyen mangwaro ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980 ya yi ɓarna ƙwarai a Togo da Binin, ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa ya bayyana a Binin a 2004, tsutsar masara kuma aka fara ganinta a Nijeriya da Binin a 2016. Domin irin wannan ne dokar ƙasashen biyu ta ce tsiro ba ya ƙetarewa sai da takardar shaidar lafiyarsa daga ma'aikatan duba tsirrai. Wanda ya bi da dashe ta barauniyar hanya cikin dare don gudun takarda, yana iya shigo wa garinsu da abin da zai kashe itatuwan maƙwabtansa duka.

Saura makiyaya, waɗanda mai lambu ya kan ɗauka abokan gaba. Shingen da ba shi da ƙarfi shi ne ke haddasa yawancin faɗan, kuma lambun da aka kafa a kan burtali ko mashaya ya nemi fitina da kansa. Hakiman Illo da Ka'oje da Zagga da Bagudo za su yi wa jama'a babban aiki in sun keɓe wa masu reno 'yan filaye kusa da ruwa, nesa da hanyar shanu, da ardo a zaune sa'ad da a ke auna iyaka. Bafillace yana da taki, mai lambu yana da ganyen zogale da harawa da 'ya'yan gawo, kuma shi ma Bafillacen da ya zauna wuri ɗaya mai sayen mangwaro ne. Wanda ya ke son ya sayar da dashe a daminar baɗi, ramin takinsa ya kamata ya cika tun ana sussukar shinkafa, shingensa kuma ya tsaya kafin a saki dabbobi a gonaki.